John Charnley: Likitan da ya ƙera kwatangwalon ƙarfe da roba

Akwai wani irin saƙo da 'yan ci-rani daga Ƙonni da Malbaza da Illela suka san shi sarai. Yakan zo ta WhatsApp, sau da yawa haɗe da hoton ƙashi: ƙanwa ko ƙane mai ciwon amosanin jini, wanda a Nijar aka fi kira emasi, ya fara ɗingishi, an je asibiti, likita ya ce kan ƙashin cinya ya mutu, abin da ya rage shi ne a cire shi a sa na ƙarfe. Daga nan sai a shiga lissafi, a haɗa gudummawar na Abijan da na Libiya da na Beljiyam, ana tambayar ko a Yamai za a yi, ko Kano, ko sai an kai Indiya. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce shekara nawa wannan ƙarfe zai yi a jikin mai shekara 22, kuma me zai sami ƙashin da ke riƙe da shi.

Mutumin da ya fi kowa shan wuyar wannan tambaya wani likitan ƙashi ne ɗan Ingila mai suna John Charnley, wanda ya rasu a 1982. Sunansa ba sananne ba ne a kasuwar Ƙonni, amma kusan duk kwatangwalon roba da ake sakawa a duniya a yau jikan wanda ya ƙera ne. Shi ne ya mayar da wannan tiyata abin dogaro, kuma shi ne ya ga da idonsa, a jikin marasa lafiya kusan 300, yadda ɓurɓushin roba ke iya cinye ƙashin mutum.

An haife shi ranar 29 ga Agustan 1911 a garin Bury da ke arewacin Manchester. Mahaifinsa mai kantin magani ne, mahaifiyarsa kuma ta yi aikin jinya. Ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Manchester a 1929, ya kammala a 1935, kuma a ƙarshen 1936, yana da shekara 25, ya ci jarrabawar zama cikakken likitan tiyata. Ba da ƙashi ya fara ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya juya akalarsa. Ya shiga rundunar likitocin sojan Birtaniya a 1940, ya yi aiki a Dover lokacin da ake kwaso sojoji daga Dunkirk, daga baya aka tura shi Alƙahira, inda aka damƙa masa sashen ƙashi da kuma wani ɗakin ƙere-ƙere da ake haɗa wa sojojin da suka karye ƙarafan tallafar ƙafa. A can ne likita da maƙeri suka haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma ba su sake rabuwa ba. Duk rayuwarsa bayan haka yana da injin sassaƙa ƙarfe a gida, kuma da hannunsa ya riƙa sassaƙa kofunan farko da ya saka wa mutane.

Da ya bar soja a 1946, ya yi wata shida a asibitin ƙashi na Oswestry. Abin da ya yi a can ya isa ya nuna irin mutumin da yake. Yana son ya san rawar da siririyar fatar da ke lulluɓe ƙashi take takawa wajen warkewar karaya, sai ya lallaɓi wani ƙaramin likita ya yanko ɗan guntun ƙashi daga ƙaurinsa, ya dasa wani yanki a saman fatar, wani a ƙarƙashinta. Wurin ya kama ƙwayoyin cuta, ciwo ya shiga ƙashin, sai da aka sake yi masa tiyata. Wannan ganganci ne, ba wani suna da za a ba shi. Sai dai bai zama na ƙarshe ba, kuma na biyun ya amfani duniya.

Ya koma Manchester ƙarƙashin babban likitan ƙashi Harry Platt, kuma a 1950 ya fitar da littafinsa na farko a kan yadda ake gyara karaya ba tare da an yanka mutum ba, da jan ƙafa da saita ƙashi da naɗa filasta. A wannan shekarar ce aka buɗe asibitin Galmi, wanda yanzu yake cikin gundumar Malbaza. Littafin ya fi dacewa da irin waɗannan asibitoci, inda waɗanda suka karye a babbar hanya ko suka faɗo daga babur suka fi kayan aiki yawa, kuma inda da yawa sai sun biya ta wajen mai ɗori kafin su zo. An yi ta sake buga shi shekaru da dama. Da Charnley ya tsaya a nan ma, da ya bar suna.

Ƙarar da ta tayar masa da hankali

Mahaɗar kwatangwalo abu ne mai sauƙin fahimta. Kan ƙashin cinya dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani rami mai kama da kofi a ƙashin ƙugu, kowannensu lulluɓe da guringuntsi mai santsi. Idan guringuntsin ya cinye, ko ƙwallon ya mutu ya lotse, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Mai wannan ciwo ba ya iya barci, ba ya iya sa takalmi, zaman tahiya kuwa sai dai a tuna.

Kafin Charnley, zaɓin da ake da shi kaɗan ne, kuma babu mai daɗi. Ko a daskarar da gaɓar gaba ɗaya, ciwo ya tafi amma ƙafa ta sandare, ko a yanke ƙwallon a bar ƙafar ta gajarce tana lilo. Shi kansa Charnley gwani ne wajen daskarar da gaɓa, har littafi ya rubuta a kai a 1953. Wasu sun gwada na roba da na ƙarfe. Philip Wiles ya gwada na ƙarfe a Landan a 1938, wasu 'yan'uwa biyu likitoci a Faransa masu suna Judet suka fito da ƙwallon roba mai tauri a 1946, Kenneth McKee kuma yana gwada ƙarfe a kan ƙarfe a Norwich. Yawancinsu sukan yi kyau na ɗan lokaci, sannan su saki.

Wani majinyaci da aka saka wa irin na Judet ya zo wa Charnley da ƙorafin da zai iya ba mutum dariya. Kwatangwalonsa na ƙara duk lokacin da ya motsa, har matarsa ba ta son zama ɗaki ɗaya da shi. Charnley ya lura cewa irin wannan ƙara ba ta daɗewa, takan daina bayan 'yan makonni. Ya gano cewa dainawar ba alamar sauƙi ba ce. Gugar da ke tsakanin robar da ƙashi ta yi ƙarfi har ta girgiza ƙwallon daga mazauninsa, sai ya koma yana motsi a inda bai kamata ba. Ke nan matsalar tana wajen guga. Ya shiga gwaje-gwaje da injiniyoyi a kan gaɓoɓin dabbobi, ya auna santsin guringuntsi, ya samu ya fi na ƙarfe mai zamewa a kan ƙanƙara. Ya kuma yanke hukuncin cewa ruwan gaɓa ba zai iya zama man shafawa ga kayan roba da ƙarfe kamar yadda yake yi wa guringuntsi ba. Dole a nemo abin da shi kansa mai santsi ne.

A 1958 ya yanke shawarar da abokan aikinsa da yawa suka ɗauka wauta ce. Ya fara janye jiki daga babban asibitin Manchester ya tattara ƙarfinsa a Wrightington, wani asibitin ƙauye kusa da Wigan da aka gina don masu tarin fuka, wanda gadajensa suka fara zama fanko saboda an samu maganin cutar. A can ya kafa cibiyar tiyatar kwatangwalo, da ɗakin gwajinta da aka buɗe a 1961. Shekara guda kafin wannan shawara ya yi aure, yana da shekara 45, ya auri Jill Heaver wadda ya haɗu da ita a wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara a Ostiriya. Sun haifi ɗa da 'ya.

Shekarun Teflon

Abu mafi santsi da aka sani a lokacin shi ne robar da ake kira Teflon, wadda a yau ake shafe cikin kaskon suya da ita don kada abinci ya kama. An kuma yi imani cewa jiki ba ya faɗa da ita. Charnley ya fara sassaƙa kofuna da ita a ƙarshen shekarun 1950, a daidai lokacin da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959.

A cikin waɗannan shekaru ya haɗa abubuwa guda biyu da suka tsaya har yau. Na farko shi ne siminti. Ba irin na masana'antar Malbaza ba ne, wata roba ce da masu haɗa haƙoran roba ke amfani da ita, gari da ruwa da ake kwaɓawa su daskare cikin 'yan mintuna. Wani masanin kayan haƙori a Manchester, Dennis Smith, shi ya nuna masa ita. Wasu sun taɓa shafa ta kaɗan kamar gam. Charnley ya cusa ta da yawa cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, ta cike kowane lungu, ta yadda nauyin jiki zai bazu a faɗin ƙashin maimakon ya taru a wuri ɗaya. Na biyu shi ne ƙanƙantar ƙwallo. Kowa na ƙera ƙwallo daidai girman na mutum, shi kuwa ya yi ta rage nasa har ya tsaya a milimita 22 da ɗoriya. Hujjarsa ita ce ƙaramin ƙwallo ba ya murɗa kofi da ƙarfi idan yana juyawa, kuma yana barin wuri a yi kofin da kauri.

Sakamakon farko ya zama kamar almara. Tsofaffin da aka kawo a kan keke suka tashi suna tafiya babu ciwo. A 1961 ya wallafa bayanin sabuwar tiyatar a mujallar likitoci ta Lancet, kuma ya ci gaba da yi, har adadin ya kai kusan 300.

Sai suka fara dawowa. Cikin shekara ɗaya zuwa uku, hoton ƙashi ya nuna ƙwallon ƙarfen ya haƙa rami a cikin kofin, a wasu ma ya kusa ɓula shi. Wannan kaɗai da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne abin da ya tarar da ya sake buɗe su. Garin Teflon ɗin da ya zaizaye ya taru ya zama wani farin abu mai kauri kamar cuku, jiki ya kewaye shi da tsoka mai kumburi, kuma wannan tsoka tana cin ƙashi, a wasu har ta ɓulla cikin ƙugu. Robar da aka ce jiki ba ya faɗa da ita, gaskiya ne idan dunƙulalliya ce. Idan ta zama gari, labari ya sha bamban.

Damuwa ta hana shi barci a waɗannan watanni, kuma ya cancanci ta hana shi, domin ya yi gaggawa. Ya saka wa ɗaruruwan mutane abin da bai jira ya ga ƙarshensa a jikin 'yan kaɗan ba, abin da babu hukumar lafiyar da za ta yarda da shi a yau. Abin da za a yaba masa shi ne bai ɓuya ba. Ya bi marasa lafiyar, ya riƙa sake yi musu tiyata yana ƙwaƙule garin, kuma ya sanar da sauran likitoci abin da ya faru a rubuce, da sunansa.

Mafita ta zo ta hannun wanda ba likita ba. A 1962 wani ɗan talla ya zo asibitin yana tallar wata roba ta Jamus da ake yin haƙoran injinan saƙa da ita, wani nau'in foliyetilin mai tsananin ƙarko, ɗan'uwan wanda ake yin leda da jarka da shi amma ya fi su nesa. Aka ba Harry Craven, matashin injiniyan da ke aiki a ɗakin gwajin Charnley, wani guntu. Da ya nuna wa maigidansa, Charnley ya danna farcensa a jiki, ya ga ya shiga, ya ce ɓata lokaci ne. Craven bai ji ba. Ya ɗora guntun a kan injin gwajin zaizaya da ya haɗa, ya bar shi yana aiki dare da rana yayin da Charnley ya yi tafiya zuwa wani taro. Bayan mako uku, robar ba ta cinye ko kwatankwacin abin da Teflon ke yi a yini guda ba.

A wannan karon Charnley ya tuna darasin da ya koya da tsada. Ba ƙarko kaɗai ne abin dubawa ba, har da yadda jiki zai karɓi garin. Sai ya koma ga dabbar gwajin da ya fi yarda da ita, wato kansa. Ya cusa garin Teflon a ƙarƙashin fatar cinyarsa a wuri ɗaya, garin foliyetilin a wani wurin, ya yi ta lura na tsawon watanni. Wurin Teflon ya kumbura ya yi ƙullutu, ɗaya wurin ya zauna lafiya. A watan Nuwamban 1962 ya saka kofin foliyetilin na farko, kuma a ƙarshen 1963 ya aika wa Lancet gargaɗi a kan Teflon. Ƙwallon ƙarfe, kofin foliyetilin, siminti: wannan haɗin ne duniya ta ɗauka.

Saura ƙwayoyin cuta. A farkon aikinsa, kusan kashi 9 cikin 100 na waɗanda ya yi wa tiyata wurin yakan ruɓe, kuma ƙwayar cuta idan ta samu ƙarfe da siminti ta maƙale, magani ba ya fitar da ita sai an cire komai. Ya nemo Hugh Howorth, wanda kamfanin gidansu ke haɗa na'urorin tace iska ga masana'antu, suka gina wani ɗan ɗaki a cikin ɗakin tiyata wanda tatacciyar iska ke kwarara cikinsa, ma'aikata suka yi masa laƙabi da ɗakin rainon shuka. Daga baya ya ƙara riga mai rufe likita daga kai har ƙasa, da bututun da ke zuƙe numfashinsa da zufarsa zuwa waje. Adadin ya sauko zuwa wajen kashi 1.

Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Bayan abin da ya gani, ya hana kamfanin Thackray na birnin Leeds, mai ƙera masa kayan, ya sayar wa duk likitan da bai zo Wrightington ya koyi aikin ba. Wasu sun ga girman kai ne, amma hakan ya sa tiyatar ta bazu da tsari ɗaya. Ya kuma roƙi marasa lafiyarsa su yi wasiyya a ba shi kwatangwalonsu idan sun mutu, kuma da yawa sun amince. Da labarin rasuwa ya zo, sai a tura ma'aikaci ya je ya ɗauko, a yanka ƙashin siriri a duba yadda ya zauna da siminti bayan shekaru.

Akwai kuma ƙa'idar da ta fi shafar wanda ke karanta wannan daga Tawa ko Sakkwato. Charnley ba ya son yi wa matasa wannan tiyata. Ya fi son masu shekara 65 zuwa sama, ko waɗanda wata cutar ta riga ta rage musu zirga-zirga. Ya san kofin yana cinyewa a hankali, ya ma auna, ya samu kimanin kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin goma na milimita a shekara. Lissafinsa shi ne tsoho zai riga kofinsa tafiya, matashi kuwa zai cinye nasa.

Girmamawa ta zo a jere: lambar Lasker ta Amurka a 1974, zama ɗan ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya a 1975, sarautar Sir daga Sarauniyar Ingila a 1977. A 1979 ya fitar da babban littafinsa da ya tattara aikin gaba ɗaya. Bai daina aiki ba har zuciyarsa ta tsaya ranar 5 ga Agustan 1982, yana da shekara 70.

Abin da ya bari ba a warware ba

Gwajin da ya yi a cinyarsa bai faɗi gaskiya duka ba. Garin foliyetilin ma yana cin ƙashi, sai dai a hankali. Tun yana raye ya ga wasu ramuka a ƙashin cinyar wasu marasa lafiya, ya fi zargin wata ɓoyayyar ƙwayar cuta. A 1976 William Harris na Boston ya ba da rahoton irin waɗannan ramuka ba tare da wata cuta ba, a 1977 kuma Hans Willert ya nuna yadda tsokar da ke kewaye da gaɓa ke cika da ɓurɓushi. An daɗe ana ɗora laifin a kan siminti, har aka koma ƙera kwatangwalon da ƙashi ke kamawa da kansa babu siminti. Ramukan suka bayyana a nan ma. Sannan aka yarda cewa babban mai laifin shi ne garin kofin.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum na taka ƙafa sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara, kuma kowane taku na kankare ɓurɓushin da ido ba ya gani, ƙanana kamar ƙwayoyin cuta. Sojojin jiki, wato ƙwayoyin da aikinsu shi ne haɗiye baƙon abu, sukan haɗiye su amma ba sa iya narkar da su. Sai su yi ta fitar da sinadaran kiran agaji, cikinsu har da wanda ake kira TNF. Waɗannan sinadarai suna tayar da wasu ƙwayoyin da aikinsu na yau da kullum shi ne rushe tsohon ƙashi don a gina sabo. Rushewa ta fi gini yawa, ƙashin da ke riƙe da ƙarfe ya zama rami, ƙarfen ya saki.

Sai dai likitoci sun lura da wani abu. Mutum biyu, kwatangwalo iri ɗaya, zaizaya kusan ɗaya, amma ɗaya ƙashinsa ya rarake, ɗayan ya shekara 25 babu abin da ya same shi. Wannan ne ya kai masu bincike ga gado. A 2003 wata tawaga a Jami'ar Sheffield ƙarƙashin Mark Wilkinson ta ba da rahoton cewa wani ɗan bambanci a ƙwayar halittar gado mai sarrafa TNF ya fi yawa a cikin waɗanda ƙashinsu ya zaizaye. Bayan haka an samu rahotanni a kan wasu ƙwayoyin gadon da ke da hannu a kumburi da rushe ƙashi, wasu an sake tabbatar da su a wasu ƙasashe, wasu ba a sake ganinsu ba. Da aka faɗaɗa binciken ya game dukkan ƙwayoyin gadon marasa lafiya daga Birtaniya da Norway, ba a samu guda ɗaya da za a nuna a ce ita ce ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ƙananan bambance-bambance ne masu yawa ke haɗuwa su sa jikin wani ya fi na wani zafin faɗa da ɓurɓushi. Babu gwajin jinin da likita zai yi a yau ya ce wa mutum ƙashinsa zai riƙe ko ba zai riƙe ba, kuma duk asibitin da ya tallata irin wannan a yi hattara da shi. Yawan zaizayar kofi da ƙuruciya da yawan zirga-zirga su ne har yanzu suka fi nuna wanda ke cikin haɗari. Maganin da ya fi tasiri ma daga ɓangaren roba ya zo: tun ƙarshen shekarun 1990 ake gasa foliyetilin da haske mai ratsa jiki don ya ƙara ƙarko, kuma zaizayarsa ta ragu ƙwarai.

A ƙasar Hausa kuwa, gadon da ya fi taɓa kwatangwalo ba ɓoyayye ba ne, kuma gwajinsa na nan a asibitoci da yawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ƙwayar sikila, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara. Nijar ma na da cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu, ya lotse, sau da yawa a ɓangarori biyu, kuma a shekarun samartaka. Wato ainihin majinyacin da Charnley ke gudu shi ne ke cika layin asibitocin ƙashi a wannan yanki. Ƙashin mai sikila ma daban yake, wani wuri ya yi laushi saboda ɓargo ya faɗaɗa, wani wuri ya yi tauri har ramin ya toshe, ga saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Likitoci irin su Philippe Hernigou na asibitin Henri-Mondor da ke wajen birnin Paris, wanda ya yi wa ɗaruruwan masu sikila wannan tiyata, sun nuna cewa tana kawar da ciwo sosai, amma matsalolinta sun fi na sauran mutane yawa. Idan an gano mutuwar ƙashin da wuri, kafin ƙwallon ya lotse, akwai ƙaramar tiyatar huda ƙashi da kan iya jinkirta babbar.

Akwai kuma bambancin zama. Marasa lafiyar Charnley a kan kujera suke zama. Wanda zai zauna a tabarma, ya tsuguna, ya yi sujada, ya hau babur daga Galmi zuwa Ƙonni, yana neman lanƙwasar da ƙaramin ƙwallo na milimita 22 kan iya gocewa a cikinta. Shi ya sa yanzu aka fi saka masu milimita 32 ko 36, abin da sabuwar robar ta ba da dama, kuma shi ya sa ya kamata a tambayi likita tun kafin tiyata wane irin zama da wace irin sallah za a iya yi a watannin farko.

Wani nazari da aka wallafa a Lancet a 2019, wanda ya tattara bayanan rajistar ƙasashe da dama, ya nuna cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na kwatangwalon da aka saka suna kaiwa shekara 25. A Wrightington, magajinsa Michael Wroblewski ya ci gaba da bin waɗanda aka yi wa aikin, har ya ba da rahoton wasu da suka haura shekara 30 da nasu. Ga mai shekara 70 wannan ya wadatar. Mai shekara 22 kuwa ya sa a ransa cewa akwai yiwuwar tiyata ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya da tsada, kuma sauƙinta ya dogara da yawan ƙashin da ya rage. Ramin yakan fara ba tare da wani ciwo ba, mutum na tafiyarsa lafiya ƙalau yayin da ƙashi ke raguwa. Hoton ƙashi ne ke fara nuna shi. Saboda haka masu haɗa kuɗin tiyata daga Abijan da Libiya su ware na komawa asibiti a ɗauki hoto lokaci zuwa lokaci, su kuma karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da girman ƙwallo da irin kofin da aka saka, domin likitan da zai buɗe wurin bayan shekara 15 zai nemi ya san abin da zai tarar.